Yadda Za Ka Fara Koyon Faransanci Daga Tushe, Mataki-Mataki

Tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini daga mutane daban-daban. Ɗan kasuwar da ke sauke kaya daga Kwatano ya yi ta, ɗalibar da ta tarar da Faransanci a jadawalin makaranta ta yi ta, haka direban da ke bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, da mai shirin zuwa ganin dangi a Yawunde. Kowa cewa yake: "Malam, ta ina zan fara?" Wasu sun sayi littafi sun ajiye, wasu sun sauke manhaja a waya, bayan mako biyu suka gaji. Da na bincika sai na ga yawancinsu sun fara ne ta inda ya kamata su ƙare, wato haddar jadawalin aikatau tun kunne bai saba da sautin harshen ba.

Abu na biyu, kusan duk littattafan da ke kasuwanninmu ta Ingilishi suke koyarwa, alhali ta fuskoki da yawa Hausa ta fi Ingilishi kusa da Faransanci. Don haka a nan Hausa ce tsaninmu. Ka bi matakan a jere, ka ba su minti 30 kullum, tsawon wata 3.

Mataki na 1: Haɗa kayan aiki

Littafin rubutu guda ɗaya mai kauri, biro biyu (shuɗi da ja, za ka ga amfaninsu a mataki na 5), waya, da abin sauraro na kunne. Shiga saitin allon rubutun wayarka ka ƙara Faransanci, don ka samu haruffa masu alama: é, è, ê, ç. Idan ka danne harafin e ko c ka riƙe, za su fito.

Abin sauraro kyauta yana nan da yawa. Gidan rediyon RFI na da shirin labarai na minti 10 mai suna Journal en français facile, ana magana a hankali, kuma ana sa rubutun abin da aka faɗa. Gidan talabijin na TV5Monde ma na da darussan masu farawa kyauta. Ƙamus ɗin Larousse na intanet zai nuna maka jinsin kowace kalma.

Kuɗin da za ka kashe a watannin farko kusan duk na data ne, kuma sauti ya fi bidiyo sauƙin ci nesa ba kusa ba. Sauke shirin sau ɗaya, ka saurare shi sau biyar.

Gargaɗi: kada ka yi saurin biyan kuɗin aji. Aji yana da amfani, amma wanda ya shiga da gaisuwa da lambobi a bakinsa ya fi cin moriyar kuɗinsa. Bari sai ka kai mataki na 6.

Mataki na 2: Gyara kunne da baki (mako 1 zuwa 2)

Nan ne mutane ke tsallakewa, nan ne kuma ginin ke karkacewa. Bahaushe ya saba abin da aka rubuta shi ake karantawa. Faransanci ba haka yake ba. Kalmar beaucoup, wato da yawa, haruffa 8 ce, amma "boku" kawai za ka ji.

Ga haɗe-haɗen da za ka fara da su:

ou ana karanta shi u: vous, nous, tout
oi ana karanta shi wa: moi (mwa), toi (twa)
au da eau ana karanta su o: chaud (sho), eau (o)
ai ana karanta shi e: lait (le)
ch ana karanta shi sh: chat (sha)
qu ana karanta shi k: qui (ki)
gn ana karanta shi ny: pagne (pany)
h ba a furta shi sam: hôtel (otel)

Harafin j mai laushi ne, irin yadda Hausawan Nijar da yawa ke furta shi a maganarsu, ba mai ƙarfin nan na Kano ba.

Baƙin ƙarshen kalma yawanci shiru yake: petit (peti), Paris (Pari), trop (tro). Huɗun da suka fi fitowa su ne c, r, f, l, kamar a sac, bonjour, neuf, sel. Amma idan kalmar da ke biye ta fara da wasali, baƙin da ya yi shiru yakan farka ya manne mata: les amis ya zama "lezami", vous avez ya zama "vuzave". Shi ya sa za ka san kalmomi biyu a takarda, ka kasa gane su a rediyo.

Sai sautukan hanci guda uku da dole ka bambance: an ko en (dans, vent), on (bon, non), in ko ain (vin, pain). Iskar ta bi ta hanci, kada harshe ya taɓa dasashi a kan n ɗin.

Gargaɗi na musamman gare mu Hausawa: p da f, sai b da v. A Hausa ko ka ce Fatima ko Patima an gane ka. A Faransanci pain burodi ne, faim yunwa ce. Boire sha ne, voir gani ne. Tsaya gaban madubi: a p da b leɓɓa biyu ke haɗuwa, a f da v haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa. Haka kuma s guda ɗaya tsakanin wasula biyu z ne. Poisson (pwason) kifi ne, poison (pwazon) guba ce, ka kula da abin da kake nema a gidan abinci.

Harafin u shi kaɗai ba u ɗinmu ba ne. Ka ce "i", kana cikin faɗa ka tura leɓɓanka gaba kamar mai shirin fito. Da shi ake raba rue (titi) da roue (taya), da dessus (a sama) da dessous (a ƙasa).

Batun r na maƙogwaro kuwa, ni dai ban ga dalilin ɓata wata guda a kansa ba. Daga Yamai har Abijan mutane da yawa r ɗin harshe suke yi irin namu, kuma kowa na gane su.

Mataki na 3: Gaisuwa da jimlolin fita kunya (mako 3)

Waɗannan ka haddace su dunƙule, kada ka nemi sanin nahawunsu tukuna:

Bonjour: gaisuwar safe da rana
Bonsoir: gaisuwar yamma da dare
Comment allez-vous ?: yaya kuke?
Ça va bien, merci: lafiya lau, na gode
S'il vous plaît: don Allah
Excusez-moi: gafara dai
Je m'appelle...: sunana...
Je ne comprends pas: ban gane ba
Parlez lentement, s'il vous plaît: yi magana a hankali don Allah
Comment dit-on... en français ?: yaya ake cewa... da Faransanci?
C'est combien ?: nawa ne?
C'est trop cher: ya yi tsada da yawa
Je voudrais...: ina so a ba ni...
Au revoir: sai an jima

A ƙasashen Afirka ta Yamma gaisuwar tana da tsawo irin tamu. Za a ce maka Bonne arrivée, wato barka da zuwa, sannan a bi da Et la famille ? Et le travail ? Amsar duka ita ce Ça va. A Faransa kuwa bienvenue suke cewa, kuma gaisuwar gajera ce.

Gargaɗi: tu da vous. Tu shi ne kai ko ke, ba ya raba mace da namiji. Vous shi ne ku, na jam'i da na girmamawa, daidai yadda ake ce wa dattijo "kun tashi lafiya?" Duk wanda ba ka sani ba, da wanda ya girme ka, da ma'aikaci a ofis, da jandarma a shingen hanya, vous ne. Tu na yara ne da abokai. In kana shakka, ɗauki vous, ba wanda ya taɓa jin haushin an girmama shi. Haka nan kada ka shiga wuri da dare ka ce bonne nuit, wannan "sai da safe" ce.

Mataki na 4: Lambobi da kuɗi (mako 4)

Daga 1 zuwa 16 hadda ce tsantsa: un, deux, trois, quatre, cinq, six, sept, huit, neuf, dix, onze, douze, treize, quatorze, quinze, seize. Daga nan sai haɗi irin namu na "goma sha bakwai": dix-sept, dix-huit, dix-neuf. Gomiyoyin su ne vingt (20), trente (30), quarante (40), cinquante (50), soixante (60).

Rikicin yana farawa daga 70. Suna cewa soixante-dix, wato sittin da goma. 75 kuwa soixante-quinze, sittin da sha biyar. 80 shi ne quatre-vingts, ashirin sau huɗu. 90 kuma quatre-vingt-dix, ashirin huɗu da goma. A Beljiyam da Suwizalan sun huta, septante da nonante suke cewa, amma a maƙwabtanmu tsarin Faransa ake bi.

Na taɓa cin karo da wannan a tasha. Wani mai kaya yana karanta mini lambar wayarsa, ya ce quatre-vingt-dix, ni kuma na rubuta 4, 20, 10. Lambar ta fito da tsawo kamar ta asusun banki. Su bibbiyu suke karanta lambar waya, kuma ta Nijar lambobi 8 ce, wato kashi 4. Dabarar ita ce, idan ka ji soixante ko quatre, ɗaga biro ka jira a ƙarasa. Atisayen da ya fi amfani shi ne ka riƙa karanta lambobin da ke wayarka da ƙarfi, bibbiyu, biyar a kowace rana.

Gargaɗi ga 'yan kasuwa: lissafin sefa da Hausa daban yake da lissafinsa da Faransanci. Da Hausa a Nijar da dala ake ƙirga, dala ɗaya kuwa faran 5 ce. Saboda haka cent francs (100) dala ashirin ce, cinq cents francs (500) dala ɗari ce, mille francs (1000) jaka guda ce. Idan an fara ciniki da Faransanci aka koma Hausa, tabbatar da wane ƙirge ake kafin ka miƙa kuɗi. A rubuce kuma, tazara ko ɗigo ke raba dubbai (25 000), waƙafi kuwa na ɓangaren lamba ne: 2,5 biyu da rabi ke nan. Lokaci a tasha da ofis na awa 24 ne, quinze heures ƙarfe 3 na rana ce.

Mataki na 5: Sunaye da jinsinsu (mako 5 zuwa 6)

Mai Ingilishi yana shan wahala kafin ya yarda cewa tebur na da jinsi. Kai ka riga ka san riga mace ce, wando namiji ne. A Faransanci namiji na ɗaukar le ko un, mace na ɗaukar la ko une, jam'i kuwa les ko des. Idan sunan ya fara da wasali, le da la su koma l', kamar l'eau da l'argent. Kalmar lakkol da ake ji a Hausar Nijar l'école ce, an haɗiye ta tare da l' ɗinta. Haka kuma an aro mushe daga monsieur, duwan daga douane.

Gargaɗi: jinsin Hausa bai zama lallai ya dace da na Faransanci ba. Rana mace ce a wurinmu, le soleil namiji ne. Wata namiji ne, la lune mace ce. Gida namiji, la maison mace. Kasuwa mace, le marché namiji. Kuma ƙa'idar nan tamu ta cewa mai ƙarewa da a yawanci mace ce ba ta aiki a can. Saboda haka kada ka taɓa rubuta suna tsirara a littafinka. Rubuta la route, ba route ba, namiji da shuɗin biro, mace da ja.

Akwai ɗan taimako a ƙarshen kalma. Masu ƙarewa da -tion da -ette kusan duk mata ne. Masu -ment da -age da -eau yawanci maza ne, ban da irin su la page, la plage, l'image, l'eau da la peau.

Fara da kalmomin da za ka buƙata gobe, goma a rana sun isa. Na kasuwa: le riz (shinkafa), le mil (gero), l'huile (mai), le sel (gishiri), la viande (nama), le lait (madara), le pagne (zani), la monnaie (canji). Na tafiya: la gare (tasha), le billet (tikiti), la frontière (iyaka), la carte d'identité (katin shaida). Na gida: le père, la mère, le frère, la sœur, l'enfant.

S ɗin jam'i ba a furta shi. Kunne yana gane jam'i ne daga abin da ya gabata: le sac, les sacs. Sifa yawanci bayan suna take zuwa kuma tana bin jinsinsa, kamar "mota fara": une voiture blanche, un sac blanc. 'Yan kaɗan ne ke shiga gaba, irin su grand, petit, bon, beau.

Wani tarko: mallaka. Mu muna duba mai abin, mu ce littafinsa ko littafinta. Su abin suke dubawa. Son livre littafinsa ne kuma littafinta ne, domin livre namiji ne. Sa maison gidansa ne kuma gidanta ne. Haka mon da ma, ton da ta.

Mataki na 6: Aikatau uku da ke riƙe da harshen (mako 7)

Être (kasancewa): je suis, tu es, il/elle est, nous sommes, vous êtes, ils/elles sont.
Avoir (mallaka): j'ai, tu as, il/elle a, nous avons, vous avez, ils/elles ont.
Aller (tafiya): je vais, tu vas, il/elle va, nous allons, vous allez, ils/elles vont.

Ba su bin ƙa'ida, sai hadda. Amma kada ka rera su kamar karatun allo ka tsaya nan. Kowane layi ka sa masa jimla daga rayuwarka: je suis commerçant (ni ɗan kasuwa ne), j'ai trois enfants (ina da 'ya'ya uku), je vais à Maradi (za ni Maraɗi).

Ƙara il y a, wato akwai, da c'est, wanda ke aikin "ne" da "ce". Sannan ga wata kyauta da Hausa ta ba ka: on. Shi ne "an" da "ana" namu. On dit que daidai yake da "ana cewa". A hira kuma on ya kusa ƙwace wurin nous, on va na nufin za mu.

Gargaɗi: yunwa, ƙishirwa, zafi, sanyi da shekaru duk da avoir ake faɗinsu. J'ai faim, j'ai soif, j'ai chaud, j'ai 30 ans. Masu bi ta Ingilishi su ne ke cewa je suis 30 ans. Ka tuna "ina da shekara 30", ka tsira. Kuma ka saurari bambancin ils sont (da s) da ils ont (da z).

Mataki na 7: Aikatau masu ƙarewa da -er (mako 8)

Mafi yawan aikatau na Faransanci a wannan rukuni suke. Cire -er, ka liƙa ƙarshen da ya dace: je parle, tu parles, il parle, nous parlons, vous parlez, ils parlent. Abin daɗin shi ne huɗu daga cikin shidan nan furucinsu ɗaya ne, "parl". Kada ka furta -ent na ils parlent. Gwada da manger (ci), travailler (aiki), chercher (nema), donner (bayarwa), habiter (zama), demander (tambaya). Daga wajen rukunin, ɗauki je veux (ina so), je peux (zan iya), je dois (dole in), je fais (ina yi). Duk aikatau ɗin da ya biyo bayan ukun farko ba a taɓa shi: je peux entrer ?

Mataki na 8: Korewa da tambaya (mako 9)

Yadda muke kewaye aikatau da "ba... ba", haka suke kewaye shi da ne... pas. Ban ci ba, je n'ai pas mangé. Je ne parle pas bien français, ban iya Faransanci sosai ba. A hira sukan yar da ne ɗin, ka ji je sais pas. Kai dai ka rubuta shi cikakke. Bayan korewa, un, une da des suna komawa de: j'ai une voiture, amma je n'ai pas de voiture. Babu kuwa il n'y a pas de.

Tambaya hanya biyu ta ishe ka: ɗaga murya a ƙarshe (vous parlez haoussa ?), ko ka sa est-ce que a farko. Kalmomin tambaya: où (ina), quand (yaushe), combien (nawa), comment (yaya), pourquoi (don me), qui (wa).

Mataki na 9: Gobe da jiya (mako 10 zuwa 11)

Na gobe ya fi sauƙi, fara da shi. Aller tare da aikatau yadda yake a ƙamus: je vais manger, zan ci. Nous allons partir demain, za mu tafi gobe. Ka bar ɗaya lokacin mai zuwa, mai je mangerai, sai gaba.

Na jiya kuwa avoir ne tare da aikatau da aka sauya wa ƙarshe. Masu -er suna komawa -é: j'ai acheté (na saya), elle a parlé (ta yi magana). Wasu sai hadda: j'ai vu (na gani), j'ai pris (na ɗauka), j'ai fait (na yi), j'ai dit (na ce), j'ai bu (na sha).

Gargaɗi: wasu 'yan aikatau, yawancinsu na motsi, être suke ɗauka: aller, venir, arriver, partir, entrer, sortir, rester, tomber, naître, mourir. Je suis arrivé hier, na iso jiya. Mace za ta ƙara e a rubuce, je suis arrivée. J'ai allé kuskure ne da kunnen mai harshen ke kamawa nan take.

Mataki na 10: Buɗe baki, sannan takardar shaida

Raba minti 30 ɗinka haka: goma na sauraro kana maimaitawa da ƙarfi, goma na sabon darasi, goma na rubuta jimloli biyar game da yininka. Bayan sallar asuba ya fi, kafin hayaniya ta tashi. Ɗauki muryarka a waya ka kwatanta da ta mai karanta labarai. Ba daɗin ji, amma nan za ka kama p ɗin da ya koma f.

Abokin hira kuwa ba sai ka je nesa ba. Kusan kowace babbar kasuwa a Arewa akwai mutanen Nijar, Kamaru, Cadi ko Benin, kuma cikinsu akwai waɗanda suka yi lakkol. Matsalar ita ce da zarar ka yi tuntuɓe za su koma Hausa don su sauƙaƙa maka. Roƙe su tun farko: minti biyar Faransanci zalla. A Maraɗi ko Damagaram Hausa za ta kai ka ko'ina a baki, amma takardun ofis da rasit da allunan hanya da Faransanci za ka tarar da su. Ko bayan da Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa a 2025, Faransanci ya ci gaba a matsayin harshen aiki. Don haka ka riƙa ɗaukar hoton irin waɗannan rubuce-rubuce kana warware su a gida.

Gargaɗi: manhajar fassara ta duba kalma ce. In ka bar ta tana rubuta maka jimlolin nan biyar, ita ce ke koyo.

Wanda ke son aji, cibiyoyin Alliance Française na nan a manyan birane, har da Kano, kuma mataki-mataki ake biya. Ɗaliban jami'a masu nazarin harshen sukan je Ƙauyen Faransanci da ke Badagry. Idan takarda kake nema don aiki ko karatu, jarrabawar ita ce DELF, ta Ma'aikatar Ilimi ta Faransa, mai matakai A1, A2, B1 da B2, kuma shaidarta ba ta ƙarewa. A1 ce daidai da wanda ya gama waɗannan matakai. Kashi 4 ce: sauraro, karatu, rubutu da magana, kowanne maki 25. Ana buƙatar 50 cikin 100, sannan kada ka gaza maki 5 a kowane kashi. Ana buɗe rajista ne kafin kowane zama, saboda haka ka nemi jadawalin shekara a cibiyar da ta fi kusa da kai, ka kuma karɓi samfurin tsofaffin tambayoyi ka gwada kanka da agogo a gabanka kafin ka biya kuɗin.